Aiki Ko Buga-Buga? Arewa A Madubin Hukumar Ƙididdiga

A watan Satumba na 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahotonta na shekarar 2023 a kan aikin yi a Nijeriya, inda ta rarraba alƙaluman jiha-jiha. Duk wanda ya san ƙasar nan da ƙafarsa, idan ya duba jadawalin da ke cikin rahoton, sai ya sake goge tabarau. Jihar Abiya ce kan gaba a rashin aikin yi da kashi 18.7 cikin ɗari, sai Babban Birnin Tarayya Abuja da kashi 14.1, sai Ribas mai arzikin man fetur da kashi 13.4. Can ƙasan jadawalin kuwa Nasarawa ce da kashi 0.5, wato ko mutum ɗaya cikin ɗari bai cika ba. Sakkwato ma tana nan kusa da ita, ba ta kai kashi biyu ba.

To, ita dai wannan hukuma, a watan Nuwamba na 2022, ta fitar da wani rahoton a kan talauci ta fuskoki daban-daban, wato ilimi da lafiya da muhalli da makamantansu. Rahoton ya ce 'yan Nijeriya miliyan 133 ne ke cikin talauci, kuma miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. Jihar da ta fi kowace talauci a wancan lissafi ita ce Sakkwato, inda mutum tara cikin goma suka faɗa cikin ma'aunin. Ke nan jiha ɗaya, a bakin hukuma ɗaya, kusan kowa yana da aiki, kuma kusan kowa matalauci ne. Ni a ganina babu ƙarya a ko ɗaya daga cikin rahotannin biyu. Inda gizo ke saƙar shi ne kalmar nan da aka gina binciken a kanta, wato "aiki", kuma muddin 'yan bokon Arewa ba su tsaya sun fahimci abin da hukuma take nufi da ita ba, wata rana za a karanta mana takardar talaucinmu muna tafi, muna zaton yabo ne.

Bari mu koma baya kaɗan. A rubu'in ƙarshe na 2020 hukumar ta ce rashin aikin yi a ƙasar nan ya kai kashi 33.3 cikin ɗari, mutum sama da miliyan 23, kuma a lokacin Imo ce kan gaba da fiye da kashi 56. Daga nan aka yi shiru na fiye da shekara biyu. Sai a watan Agusta na 2023, watanni uku bayan cire tallafin man fetur, lokacin da mutane ke ajiye motoci suna komawa tafiyar ƙasa, hukumar ta sanar cewa rashin aikin yi kashi 4.1 ne a rubu'in farko na shekarar. Babu wata masana'anta da aka buɗe a tsakani wadda ta kwashi miliyoyin mutane. Mudun awon ne aka sauya. A da, wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba marar aiki ne, wanda ya yi tsakanin 20 da 39 aikinsa bai cika ba, sai mai awa 40 ne cikakken ma'aikaci. A sabon tsari, wanda hukumar ta ɗauka da taimakon Bankin Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya bisa matsayar da masana ƙididdigar ƙwadago suka cimma a Janiba a 2013, duk wanda ya yi aikin awa ɗaya tak a cikin kwana bakwai domin lada ko riba, to mai aiki ne. Marar aiki kuwa shi ne wanda bai yi ko wannan awa ɗayar ba, kuma yana fita nema, kuma a shirye yake ya fara idan ya samu. Tsohon shugaban hukumar, Dokta Yemi Kale, ya fito fili ya nuna rashin gamsuwarsa da batun awa ɗayar nan, aka yi ta cece-ku-ce na 'yan makonni a jaridun Turanci, daga bisani ƙura ta lafa.

Ba na cikin masu cewa an sauya mudun ne don a faranta wa gwamnati rai. Ma'auni ne da ƙasashen duniya ke amfani da shi, kuma yana da amfaninsa wajen kwatanta ƙasa da ƙasa. Sabon tsarin ma ya fi tsohon ta wata fuska, domin ana tattara bayanai ne a duk tsawon shekara, abin da ke da muhimmanci ƙwarai ga yanki irin namu da rayuwar damina daban, ta rani daban. Amma dole a faɗi gaskiya, an ɗinka rigar ne a jikin wasu mutane. A Jamus ko Ingila, wanda ya rasa aiki yana da inda zai je ya yi rajista, hukuma ta riƙa ba shi ɗan abin da zai riƙe kansa har ya samu wani. Saboda haka zama babu aiki abu ne mai yiwuwa, ana kuma iya ƙirga masu yin sa. A Illela ko Gwadabawa, magidancin da ya wayi gari bai fita ya taɓa wani abu ba, ranar ba a ɗora tukunya a gidansa. Zaman jiran aiki sai mai wanda zai ciyar da shi. Shi ya sa alƙaluman suka yi sama a Abuja da Fatakwal da Aba, inda ake da matasa masu takardu, da iyaye ko 'yan uwa masu albashi da za su iya ɗaukar nauyin mutum shekara biyu yana yawo da ambulan daga ofis zuwa ofis. Rahotannin hukumar da kansu sun tabbatar da haka: rashin aikin yi ya fi yawa a birni a kan ƙauye, kuma ya fi yawa tsakanin waɗanda suka wuce sakandare a kan waɗanda ba su taɓa shiga aji ba. Ƙarancin marasa aiki a jiha, a irin wannan awo, sau da yawa yana nuna cewa mutanenta ba su da halin zama ne kawai.

A nan ne nake ganin harshenmu ya fi takardar binciken kaifin ido, kuma tun da nazarin harshe ne abin da nake ci da shi, mai karatu zai yi mini uzuri in ɗan daɗe a wurin. Abin da takardar ta tara a ƙarƙashin kalma guda, Bahaushe ya daɗe da rarrabe shi. Idan aka ce wane "ya sami aiki", kowa ya san ana nufin albashi, ƙarshen wata, wataƙila har da fansho. "Ma'aikaci" a bakin mutanen gari ma'aikacin gwamnati ne ko na kamfani. "Sana'a" daban take: ana koyonta a wurin ubangida ko a gaje ta, tana da suna, tana da mutunci, kamar ƙira da jima da ɗinki da fawa da gini. Ƙasa da ita akwai "ƙwadago", inda mutum ke sayar da ƙarfinsa na yini guda, da "jinga", inda ake yanke lada a kan aikin gaba ɗaya, da "dako", da "aikatau" na mata da 'yan mata a gidajen masu hali, da "talla". Sannan akwai "ci-rani", wanda ke ɗauke da lokaci da tafiya a cikinsa. Can ƙarshe kuma akwai kalmar da zamani ya haifa, "buga-buga", wadda ma'anarta ita ce mutum ba shi da takamaiman abin yi, yau ya yi dillancin waya, gobe ya tura baro, jibi ya bi ɗan siyasa. Tambayi saurayin da ke faci a bakin titi ko yana aiki, zai ce maka: "A'a, ban samu ba tukuna, ina dai ɗan taɓa faci." Ya yini a rana tun safe har magariba, amma a lissafinsa ba shi da aiki. A lissafin hukuma kuwa, shi da babban sakatare a ma'aikatar tarayya layi ɗaya suke, kowannensu mutum ɗaya ne mai aiki.

Sha'anin mata ya fi wannan sarƙaƙiya. Tun a ƙarshen shekarun 1960 Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina ta kuma wallafa littafinta a kan karkarar Hausa a 1972, ta ja hankalin masana ga irin cinikin da matan aure ke yi daga cikin gida ba tare da sun taka kasuwa ba, yara na kai da kawowa. Har gobe haka abin yake: ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, fura, awara, ɗinkin hula, kitso, surfe, kiwon awaki. Ka tambayi irin wannan baiwar Allah ko tana aiki, za ta ce ita matar aure ce, ba ta aiki. Ka ce mata tana sana'a, sai ta lissafa maka uku. Amsar da za a rubuta ta dogara ne a kan kalmar da mai tambaya ya zaɓa a zauren gidan, da kuma wanda ya amsa, ita ce ko maigidan ne ya amsa a madadinta. Kalma guda a bakin jami'in da ke riƙe da na'ura tana iya shigar da dubban mata cikin ma'aikata ko ta fitar da su.

Haka ma manomi. Matsayar 2013 ta ce wanda yake noma domin cin gidansa kawai ba ya cikin masu aiki, sai wanda yake noma da niyyar sayarwa. A takarda wannan rabo ne mai tsabta. A gonar Bahaushe kuwa gero da dawa na rumbu ne, wake da gyaɗa da riɗi na kasuwa ne, kuma duk a fili ɗaya aka shuka su. Shi kansa geron, idan yaro ya kwanta ciwo ko biki ya taso, ana ɗibar tiya biyar a kai kasuwa. Ga kuma gandu, inda samari ke yi wa uba noma ba lada, su koma gayaunarsu da yamma. Wanne layi za a sa su? Ko wanne aka zaɓa, ba za su fito a matsayin marasa aiki ba, domin sharaɗin marar aiki shi ne ya fita nema, alhali a ƙauyen babu ƙofar da ake ƙwanƙwasawa a nemi aiki. Wanda ya gaji da zama sai ya ɗaura jaka ya hau motar Legas ko Fatakwal ko Abuja, ya zama mai gadi, ko ɗan ga-ruwa, ko mai yankan farce, ko ɗan acaba kafin gwamnatin Legas ta hana acaba a manyan sassan birnin a 2022. Binciken hukuma gida-gida ake bi, shi kuwa ɗan ci-rani a kango yake kwana ko a rumfar kasuwa ko a harabar masallaci. Marasa aikin Arewa da dama ba sa gida ranar da aka zo ƙirga.

Wani abin lura kuma, gidaje kimanin dubu 35 ake tambaya a shekara a duk faɗin ƙasar. Idan aka raba su daidai tsakanin jihohi 36 da Abuja, kowace ba ta kai gida dubu ɗaya ba, ga kuma jiha irin Kano mai ƙananan hukumomi 44. Wannan ya isa a fitar da hoto na ƙasa baki ɗaya, amma idan aka sauko jiha-jiha sai a riƙa taka-tsantsan. Gombe, alal misali, tana cikin jihohin da suka fi talauci a rahoton 2022, amma a na aikin yi ta haura kashi 10, ta shiga sahun su Ribas. Duk gwamnan da ya ɗauki matsayin jiharsa a wannan jadawali ya kai gidan rediyo yana bugun ƙirji, ko ɗan adawar da ya ɗauke shi ya yi sara da shi, ya ɗora wa alƙaluman kayan da ba za su iya ɗauka ba.

To, ina ya kamata mu duba? Rahoton yana da shafuka da yawa, amma 'yan jarida layi ɗaya suke ɗauka su yi kanu da shi. A ciki akwai abin da ya fi wancan layi nauyi. A rubu'i na biyu na 2024 hukumar ta ce kashi 93 cikin ɗari na masu aiki a Nijeriya suna aikin da ba shi da rajista ne, ba takardar ɗauka, ba fansho, ba hutun rashin lafiya. Fiye da kashi 85 kansu suke yi wa aiki, masu karɓar albashi ko lada daga wani ba su kai kashi 15 ba. Ke nan lokacin da aka kai ruwa rana tsakanin gwamnati da ƙungiyoyin ƙwadago har aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan Naira dubu 70 a watan Yuli na 2024, maganar 'yan tsiraru ake yi. Wannan ɗan ƙaramin kaso na masu albashi shi ne ainihin abin da ya kamata a tambayi yadda ya rabu tsakanin shiyyoyi, domin shi ne ke zuwa da asusun banki da bashin gina gida da kuɗin makarantar yara. Ba sai an yi dogon bincike ba kafin a san inda hedikwatocin bankuna da kamfanonin sadarwa da manyan masana'antu suke. A yawancin jihohinmu, idan ka cire gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi da makarantu, masu biyan albashi a ƙarshen wata 'yan kaɗan ne.

Ba haka muke ba a da. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta jawo wasu masaƙun suka cika Kakuri, har garin ya zama cibiyar saƙa ta ƙasar nan. Kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a Kaduna a 1975. A Kano akwai Bompai da Sharaɗa da Challawa, inda jiniya ke tashi da safe dubban mutane su yi sahu a kan kekuna. Masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL ta bi sahu a 2007, saura suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya saboda rashin wutar lantarki da kwararowar yadin waje. Abin takaicin shi ne, a sabon awo wannan asara ba ta bayyana ko kaɗan. Masaƙin da ya koma tuƙa A Daidaita Sahu yana da aiki jiya, yana da aiki yau. Hasali ma awoyinsa sun ƙaru, don haka ko a layin waɗanda aikinsu bai cika awa 40 ba, ba zai fito ba. Matsalarsa ba ƙarancin awoyi ba ce, abin da awoyin ke kawowa ne ba ya kai shi ko'ina. Haka ɗalibanmu da ke kammala digiri su kafa lema a bakin hanya da na'urar POS: hukuma ta gama da su, sun shiga layin masu aiki.

A nan ne nake da ƙorafi a kan mu kanmu, 'yan bokon Arewa. Idan maganar rabon aiki tsakanin shiyyoyi ta taso, hankalinmu ba ya wuce guraben gwamnatin tarayya. Mun haddace sashe na 14(3) na tsarin mulkin 1999, mun san ƙofar Hukumar Raba Daidai, muna ƙirga manyan sakatarori da shugabannin hukumomi kamar masu ƙirga kuɗin sadaki. A watan Janairu na 2024, da aka ce za a mayar da wasu sassa na Babban Banki da hedikwatar hukumar filayen jiragen sama zuwa Legas, ƙungiyoyi da sanatoci sun yi ta sakin sanarwa har makonni. Ban ce kada a yi ba, haƙƙi ne, kuma wanda bai nemi nasa ba wani zai cinye. Amma kujeru nawa ne a ciki, kuma 'ya'yan wa za su hau su? Bayan wata takwas rahoton da ya shafi yadda miliyoyin mutanenmu ke neman abinci ya fito, ban ji wata ƙungiya ta kira taro a kansa ba. An bar jaki ana dukan taiki. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne: guraben Abuja namu ne da 'ya'yanmu, ga-ruwa da dako kuwa na 'ya'yan wasu ne.

Abin da nake so Ƙungiyar Gwamnonin Arewa ta nema daga Hukumar Ƙididdiga ba mai wuya ba ne, kuma ba faɗa ba ne. A riƙa fito da alƙaluman masu albashi, da na masu aiki marar rajista, da na abin da mutum ke samu a mako, jiha-jiha, maza daban mata daban, damina daban rani daban, a sa su a gaba-gaba yadda ɗan jarida mai gaggawa ba zai tsallake su ba. Jihohin da ke da nasu hukumomin ƙididdiga, irin su Kaduna da Kano, su sa kuɗi a faɗaɗa yawan gidajen da ake tambaya a cikinsu, har a iya sanin bambancin Fagge da Tudun Wada, ko Zariya da Birnin Gwari. Gwamnan da bai san mutum nawa ke barin jiharsa bayan girbi ba, da inda suke zuwa, da abin da suke aikowa gida, a kan me zai tsara shirin samar da aikin yi? Abin da muka saba gani shi ne rabon kekunan ɗinki da baro a filin wasa, a ɗauki hoto, a watse. Ga shi kuma rabon ƙasar nan da ƙidayar jama'a tun 2006, wadda aka shirya yi a 2023 aka ɗage ta.

Sai kuma abin da ya shafi fannina kai tsaye. Ya kamata hukumar ta riƙa wallafa, tare da kowane rahoto, ainihin lafazin da ake yin tambayoyin da shi a Hausa da Fulfulde da Kanuri da Tibi da Nufanci da sauran harsunan da ake shiga gidaje da su, domin duk mai son tantance alƙaluman ya ga da wace kalma aka samo su. Sassan nazarin harsunan Nijeriya a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Danfodiyo da ta Maiduguri suna da malamai da ɗaliban da za su iya wannan aiki cikin zangon karatu ɗaya: a ɗauki tambaya guda, a yi ta da "aiki" a gidaje ɗari, a yi ta da "sana'a" a wasu ɗari, a yi ta da "abin da kike taɓawa" a wasu ɗarin, a birni da ƙauye, a wurin maza da wurin mata, sannan a kwatanta amsoshin a miƙa wa hukumar kafin zagaye na gaba.